SUNA LINZAMI NE, HAR A CIKIN KWAMFUTA

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Kakuri da Makera, ya shiga wurin da aka sani da aikin injuna tun kafin mulkin kai. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Bayanta waɗansu masaƙu suka biyo, irin su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan Kakuri. Mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina neman aiki, unguwanni suka cika suka batse. Yau kuwa yawancin masaƙun nan sun yi tsit, ita kanta ta farin tun 2002 aka rufe ta.

Amma ba a rasa nono a ruga. 'Ya'ya da jikokin ma'aikatan nan da yawa sun kama wata sana'a wadda ba ta bukatar auduga ko tururi, watau rubuta manhajar kwamfuta. A Barnawa, da Narayi, da Unguwar Television, da Sabon Tasha, za ka tarar da samari da 'yan mata sun sunkuya bisa kwamfutocin tafi-da-gidanka, wani yana gina wa mai shago shafin ciniki, wata tana shirya wa makaranta rumbun ajiye sakamakon jarrabawa. A 2016 ma aka buɗe wata cibiya mai suna CoLab a Barnawa domin masu irin wannan aiki su sami wurin haɗuwa. To, akwai wata 'yar matsala da ke cin lokacin masu wannan sana'a, musamman sababbin shiga, ga ta ƙarama a ido amma tana iya cinye wa mutum yini guda. Ita muke so mu warware wa masu karatu a yau.

BAƘUWA DA MAI MASAUKI

Magini ba ya koyon gini a kan gidan mutane, haka kuma mai rubuta manhaja ba ya gwaji a kan babbar kwamfutar da jama'a ke amfani da ita. Abin da yakan yi shi ne ya kafa wata kwamfuta ta gwaji a cikin tasa. Ba ƙarfe ba ce, ba a taɓa ta da hannu. Manhaja ce ke yanka wani kaso na ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar kwamfutarsa, ta kewaye shi, ta mai da shi tamkar wata na'ura dabam mai cin gashin kanta, wadda za a kunna a kashe, a zuba mata Linux alhali ita babbar tana kan Windows. In gwaji ya lalata ta, sai a share a kafa wata, ba a yi asarar kome ba. Turawa da kansu suna kiran babbar mai masauki, ƙaramar kuwa baƙuwa, mu ma da waɗannan sunaye za mu kira su.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya yi ta a manyan injunansa tun wajen 1967, ya kuma fitar da ita kasuwa da sunan VM/370 a 1972. A 1999 kamfanin VMware ya kawo ta cikin kwamfutocin tebur, a 2007 kuma aka saki VirtualBox, wadda ake samu kyauta, shi ya sa ɗalibai suka fi rungumarta. A shekarar nan ta 2007 ne kuma aka shigar da KVM cikin Linux.

Mai masauki ɗaya yana iya saukar da baƙi biyu ko uku a lokaci guda: wannan tana riƙe da shafin, waccan tana riƙe da rumbun bayanai. Dole ne su yi magana da juna, dole ne kuma mai aikin ya riƙa shiga cikinsu yana duba abin da ya gina. A nan ne maganar adireshi ke tasowa.

ABIN DA KE SA LAMBA TA SAUYA

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lambar da ake samunta da ita, wadda ake kira adireshin IP. Tsarin da aka fi sani lamba ce mai gaɓa huɗu, kamar 192.168.8.101. Adadin lambobin da wannan tsari ke iya bayarwa bai wuce 4,294,967,296 ba, kuma na'urorin duniya sun fi haka nesa ba kusa ba. A watan Fabrairu na 2011 hukumar da ke rabon su ta duniya ta ba da ragowar da ke hannunta. Tun kafin a kai ga haka, a 1994, an keɓe waɗansu jeri domin amfanin cikin gida kaɗai, watau masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da wani yanki na masu farawa da 172. Kowane gida ko ofis yana iya amfani da su ba tare da neman izini ba, domin ba sa fita waje.

Wanda ke rabon lambobin nan a cikin gida shi ne akwatin da ke kawo intanet, wanda ake kira rauta, ko 'yar MiFi ta aljihu, ko wayar hannu in an buɗe ta tana raba wa na kusa. Ƙa'idar da yake bi sunanta DHCP, an fara wallafa ta a 1993, aka sabunta a 1997. Ga yadda take: na'ura ta shigo, ta yi sallama ta nemi lamba, mai rabo ya duba wadda ba kowa a kanta ya ba ta, ya kuma yanka mata wa'adi, ko sa'a guda, ko yini, gwargwadon yadda aka saita shi. In rabin wa'adi ya wuce sai ta koma ta nemi ƙari. In kuwa ta tafi ba ta dawo ba har wa'adi ya cika, lambar ta koma hannun mai rabo, yana iya ba wani. Ashe dai lambar haya ce, kamar ɗaki a gidan haya na Kakuri: ka tashi yau, gobe wani ya shiga.

A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, kwamfuta kuma tana zaune wuri ɗaya, akan yi watanni lamba ba ta motsa ba. Halinmu a nan dabam ne. An ɗauke wuta, rauta ya mutu. Kafin a ta da janareto waɗansu rautocin sun mance da wanda suka ba kowace lamba, sai su sake rabo bisa ga wanda ya riga sallama. Data ta ƙare a MiFi, an koma kan waya. Da safe mutum yana aiki a gida a Narayi, da rana yana cibiya a Barnawa, da maraice yana shagon wanda ya ba shi aiki a Sabon Tasha. Kowane wuri da jerinsa: MiFi da yawa suna ba da masu farawa da 192.168.8, tsofaffin wayoyin Android suna ba da 192.168.43, iPhone kuwa 172.20.10. In an saita baƙuwa ta karɓi lamba kai tsaye daga rauta kamar kowace na'ura, abin da ake kira hanyar gada, to, a yini ɗaya tana iya sake adireshi sau uku.

ASARAR DA KE CIKI

A ce wani ɗalibi ya kafa baƙi biyu. Ya duba ya ga mai rumbun bayanai tana kan 192.168.8.102, sai ya rubuta lambar nan a cikin fayil ɗin saitin manhajarsa, da burauzarsa, da umarnin da yake shiga baƙuwar da shi, da 'yan rubuce-rubucen da ke kwafe masa aiki. Kome ya tafi daidai. Kashegari ya kunna, shafi ya ƙi buɗewa. Da yake sabon hannu ne, zai zaci kuskuren yana cikin abin da ya rubuta, ya shiga warware aikin da ba shi da laifi, ya ƙone data yana neman amsa a intanet, alhali kuwa abin da ya faru shi ne baƙuwar ta koma 103. In ya gane, sai ya bi wurare biyar ko shida yana gyarawa da hannu, ranar da aka sake ɗauke wuta kuma ya maimaita.

Wannan ɓata lokaci ne kawai. Abin da ya fi shi muni shi ne sa'ad da tsohuwar lambar ta faɗa hannun wata na'ura. A ofis ko cibiya inda mutane da yawa ke kan rauta ɗaya, 102 ta jiya tana iya zama baƙuwar abokin aikinka a yau. Umarnin da ka shirya domin share rumbun gwajinka ka sake zuba sabo, in kalmar sirrinku ta zo ɗaya, kamar yadda takan zo ga masu koyo daga darasi ɗaya, yana iya sauka a kan nasa. Haka kuma wanda ya tafi nuna wa mai kuɗi aikin da ya yi wata guda yana yi, ya buɗe kwamfuta a gabansa shafi ya ƙi fitowa, ba lalle ne a saurari bayaninsa na adireshi ba. Kasuwa ce ta tafi.

Maganin abin a taƙaice shi ne a daina kiran na'ura da lamba, a raɗa mata suna, a kuma tanadi wuri guda ɗaya tak inda ake fassara sunan zuwa lamba. In lamba ta sauya, wuri ɗaya za a gyara, ko ma ya gyara kansa.

YADDA NA FARKO SUKA YI

Wannan matsala ta girmi duk masu fama da ita a yau. A 1969 aka haɗa kwamfutocin farko na ARPANET a Amurka, wadda ita ce kakar intanet. Da na'urori suka fara yawa, aka ga mutum ba ya iya riƙe lambobi a ka, sai aka buɗe fayil guda mai suna HOSTS.TXT, aka jera sunan kowace na'ura da lambarta. Wata cibiyar bincike a Kalifoniya mai suna SRI ita ke riƙe da shi, ƙarƙashin wata mata, Elizabeth Feinler. Wanda ya kafa sabuwar na'ura sai ya sanar da su a shigar da shi, kowa kuma ya riƙa kwafo sabon fayil lokaci lokaci.

Da abin ya bunƙasa, fayil ɗaya ya kasa. Kafin ka kwafo ya tsufa, ga kuma rigimar mutum biyu su so suna ɗaya. A 1983 wani masani, Paul Mockapetris, ya fito da tsarin DNS, wanda ya rarraba aikin hawa hawa, kamar yadda sarki ke da hakimai, hakimi ke da dagatai, dagaci ke da masu unguwa. Kowa yana riƙe da sunayen yankinsa, wanda bai sani ba ya tura ka gaba. A wannan tsari ne Nijeriya ta sami nata yanki mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ke kula da shi.

Amma DNS na duniya bai san da zaman baƙuwar da ke cikin kwamfutarka ba, ba kuwa ruwansa da lambobin cikin gida. Saboda haka mai gwaji shi zai yi wa kansa tanadi. Hanyoyi uku ne aka fi bi.

HANYA TA FARKO: GIDA BIYU DA LITTAFIN ALJIHU

Tsohon fayil ɗin nan bai mutu ba. Har yau kowace kwamfuta tana da ɗan ƙaraminsa mai suna hosts, kuma bisa al'ada shi take fara dubawa kafin ta tambayi kowa a waje. A Linux da Mac yana /etc/hosts, a Windows kuwa yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts. Sai da izinin mai kula da na'ura ake gyara shi. Layi ɗaya ya isa: a rubuta lamba, a bar fili, a rubuta suna, misali 192.168.56.10 sa'an nan shago.test. Daga nan duk inda aka kira shago.test a kwamfutar nan, can za a nufa.

Sai dai littafin aljihu ba ya gyara kansa. In lambar da aka rubuta ta haya ce, gobe ya zama ƙarya. Domin haka sai an fara sama wa baƙuwa lambar da ba ta motsi, a nan ne kuwa maganar Hausawa ta gida biyu maganin gobara ta yi rana. Ana iya ba baƙuwa ƙofar sadarwa biyu. Ta farko ita ce wadda ake kira NAT, inda baƙuwa ke fita intanet a ɓoye bayan mai masaukinta, ko da wace hanya shi ya samu. A VirtualBox kowace baƙuwa takan sami 10.0.2.15 ta wannan ƙofa. Tana fita lafiya, amma ba a shigo mata ta nan sai an yi wani shiri na musamman. Ta biyu ƙofa ce ta cikin gida tsakanin mai masauki da baƙinsa kaɗai, ba ta taɓa rauta ko waya. A VirtualBox jerinta yakan fara da 192.168.56, mai rabonta kuma yakan fara bayarwa daga 101 zuwa sama. Saboda haka in ka kafa wa baƙuwarka 10, ta biyu 11, da hannunka, ba mai karo da su.

Amfanin wannan shiri ga mutumin Kaduna a fili yake. Ko a Narayi kake ko a Barnawa, ko kan MiFi ko kan waya, ko ma ba intanet sam, shago.test yana nan inda ka bar shi. Masu karatu za su tuna a ƙarshen Satumba na 2021 an rufe layukan waya a waɗansu sassan Jihar Kaduna saboda sha'anin tsaro, sai a Nuwamba aka buɗe. Za su kuma tuna ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya a ƙasashe da dama har da tamu. Wanda wurin gwajinsa ke tsaye da ƙafarsa a cikin kwamfutarsa, irin waɗannan ranaku ba su hana shi aiki.

Masu amfani da Vagrant, manhajar da Mitchell Hashimoto ya fara a 2010 domin kafa baƙi da umarni ɗaya, suna rubuta suna da lamba a fayil ɗin saiti tun farko. Akwai kuma 'yan ƙarin manhajoji da ke shigar da su cikin hosts da kansu duk sa'ad da aka ta da baƙuwa.

HANYA TA BIYU: SHELA

Wani lokaci ba kai kaɗai ke bukatar baƙuwar ba. Kana so ka gwada shafin a wayarka, ko abokin aiki ya duba daga tasa kwamfutar. A nan dole ta fito fili ta karɓi lambar haya daga rauta, littafin aljihu kuwa ba zai yi ba. Sai a koma ga shela.

Tsarin ana kiransa mDNS. Mai nema ba ya tambayar wani ofishi, sai ya ɗaga murya ga duk na'urorin da ke kan rautan, kamar sanƙira a kasuwa, ya ce wa ke da suna kaza? Mai sunan ta amsa da kanta, ta faɗi lambar da take kai a wannan sa'a. Ko sau goma lamba ta sauya, amsar da za a samu ta yanzu ce. Sunayen wannan tsari duka suna ƙarewa da .local. Kamfanin Apple ne ya yaɗa shi tun 2002 da sunan Rendezvous, daga baya a 2005 ya mai da sunan Bonjour, watau gaisuwar Faransawa, aka kuma wallafa shi a matsayin ƙa'ida ta kowa a 2013. A Linux manhajar da ke wannan aiki sunanta Avahi, sunan wata 'yar dabba ce ta tsibirin Madagaska. In an zuba ta cikin baƙuwa mai suna shago, sai a same ta da shago.local. Mac yana jin wannan kira tun asali, Windows ma daga na 10 zuwa sama yana ji.

Amma fa shela tana da iyaka. Murya ba ta ƙetare rauta zuwa wata hanyar sadarwa. Waɗansu wuraren, kamar otal da manyan ofisoshi, suna saita na'urarsu ta hana baƙi jin juna, nan shela ba ta aiki. Sa'an nan duk wanda ke wurin yana iya amsa sunan da ba nasa ba, ba mai tantancewa. Saboda haka ta dace da gida da ƙaramin ofis inda aka san juna.

HANYA TA UKU: MAI UNGUWA

Inda na'urori suka yi yawa, kamar ɗakin koyar da ɗalibai ko kamfani mai ma'aikata goma sha, gara a naɗa mai unguwa. Ma'ana a sa mai rabon lamba shi ne kuma mai riƙe da sunaye. Da yake shi ya ba da ɗakin, ya fi kowa sanin wanda ke ciki. Manhajar da ta yi suna a wannan aiki ita ce dnsmasq, wadda Simon Kelley ya rubuta, tana kuma cikin rautoci da yawa ba tare da masu su sun sani ba. Sa'ad da baƙuwa ta zo neman lamba takan faɗi sunanta, shi kuwa sai ya rubuta su tare. Duk wanda ya tambaye shi sunan, ya ba shi lambar da ke kai.

Masu amfani da KVM ta hannun libvirt sun riga sun sami wannan a shirye, domin libvirt yakan ta da dnsmasq nasa, ya raba wa baƙi lambobi masu farawa da 192.168.122. Abin da ya rage shi ne a koya wa mai masauki ya riƙa tambayarsa, akwai kuwa wani ɗan ƙari na libvirt da aka yi musamman domin haka.

Har wa yau, mai unguwa yana iya keɓe wa mutum ɗaki na dindindin. Kowace ƙofar sadarwa tana da wata alama tata ta haihuwa da ake kira adireshin MAC. In ka shiga saitin rauta ka ce duk sa'ad da mai wannan alama ta zo a ba ta lamba kaza, to, ko an ɗauke wuta sau nawa, lambarta za ta tarar. Sai dai wannan alkawari a rautan nan kaɗai yake, in ka tafi wani wuri bai bi ka ba.

Ga waɗanda ke aiki tare daga nesa kuwa, wani a Kaduna wani a Zariya wani a Ikko, akwai kamfanoni irin su Tailscale da ke haɗa na'urori ta ɓoyayyar hanya, su ba kowace suna da lamba tabbatacciya. Wannan yana da amfani, amma ya dogara ga samun intanet.

A KULA DA SUNAN DA ZA A RAƊA

Ba kowane suna ne ya halatta ba, akwai kuwa abin da ya faru da ya isa ishara. Shekaru da yawa masu rubuta manhaja a duniya sun saba ƙare sunayen gwajinsu da .dev, don suna ganin ba mai shi. Ashe kamfanin Google ya nema an ba shi. A Disamba na 2017 burauzar Chrome ta fara tilasta wa duk suna mai ƙarewa da .dev ya zo da takardar shaidar tsaro, sai ga wuraren gwajin mutane da yawa sun ƙi buɗewa dare ɗaya, ba tare da sun taɓa kome ba. Wanda ya yi gini a filin da ba nasa ba, ranar da mai fili ya zo ba shi da ta cewa.

Alhali kuwa tun 1999 an keɓe .test domin wannan aiki, an yi alkawari ba za a sayar wa kowa ba. A 2018 aka keɓe home.arpa domin na'urorin cikin gida, a 2024 kuma hukumar ICANN ta keɓe .internal domin amfanin cikin ma'aikatu. Shi .local a bar wa shela, domin in ka sa shi a hosts ko a hannun mai unguwa, waɗansu na'urori za su rikice su rasa wanda za su tambaya, aiki ya yi ta jinkiri. Kada kuma ka ari sunan shafin wani na gaskiya ka ɗora wa baƙuwarka, don ranar da ka mance ka nemi na ainihin, kwamfutarka za ta kai ka ga na gwaji.

Sunan kansa ya zama gajere, na ƙananan baƙaƙe da lambobi, ba fili a tsakani. A guji baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wanda yake so ya ce ƙofa ya rubuta kofa. Ya kuma kyautu sunan ya faɗi aikin na'urar, kamar rumbu.test ko shafi.test, domin wanda zai gaje ka ya gane ba sai ya tambaya ba.

TARKO BIYU

Na farko ya shafi kwafe. Mutum yakan gyara baƙuwa ɗaya ta yi kyau, sa'an nan ya kwafe ta sau biyu ko uku don gudun wahala. To, kwafin yakan taho da sunan uwar, wani lokaci da alamar MAC ɗinta, da kuma wata lambar shaida da Linux ke ajiyewa a /etc/machine-id. Waɗansu sigogin Ubuntu da wannan lambar suke gabatar da kansu wurin mai rabo, saboda haka sai ya ɗauke su mutum ɗaya ya ba su ɗaki ɗaya, su yi ta ture juna. Duk wanda ya kwafi baƙuwa, ya sake mata suna, ya sake alamar MAC, ya sabunta lambar shaidar kafin ya sa ta aiki.

Na biyu ya shafi tabbatar da wanda ya amsa. Suna yana kai ka ƙofa, amma ba ya rantse maka cewa mai gidan ne a ciki. Masu shiga baƙi ta SSH, hanyar da wani mutumin Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro a 1995, sun san ranar farko takan ajiye hatimin na'urar da aka shiga. In wata rana aka kira sunan nan sai wani hatimi dabam ya bayyana, takan tsaya ta yi gargaɗi da manyan baƙaƙe. Sababbin shiga da yawa sukan nemi hanyar kashe gargaɗin don ya dame su. Kuskure ne babba. In kai ka share baƙuwar ka kafa sabuwa, ka san dalili, sai ka cire tsohon hatimin kaɗai. In kuwa ba ka taɓa kome ba, tsaya ka bincika kafin ka miƙa kalmar sirrinka ga na'urar da ba ka sani ba.

SHAWARA

Wanda ke aiki shi kaɗai yana yawo da kwamfutarsa tsakanin unguwanni, ya ba baƙuwarsa ƙofa biyu, ya kafa mata lamba a ta cikin gida, ya rubuta sunanta a hosts. Wanda ke so wayarsa ko maƙwabcin teburinsa su gani, ya ƙara da Avahi. Masu cibiyoyi da malaman da ke koyar da wannan sana'a a Kaduna ta kudu kuwa, nauyi ne a kansu su naɗa mai unguwa a ɗakunan karatunsu, su kuma koya wa ɗalibi wannan darasi tun makon farko, kafin hannunsa ya saba da rubuta lamba a cikin aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya saba kiran na'urorinsa da suna a ɗakinsa, ranar da aka ɗauke shi aiki aka damƙa masa na'urori ɗari a wata ƙasa, zai tarar ƙa'idar ita ce dai wadda ya sani.

Aikin duka bai fi na rabin sa'a ba, ba a kuwa biyan ko kwabo. Muna fata samarinmu da 'yan matanmu za su gwada, wanda ya iya kuma ya nuna wa na kusa da shi. Allah ya sa albarka a cikin sana'ar, ya mai da wa yankin nan arzikin da ya taɓa gani, amin.